Likkafani Mai Tabon Manja

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baba, mahaifin maigidana, ta zo ne da hantsin wata Talata, a ɗakinsa da ke gidanmu na unguwar Parkchester a New York, bayan ya sha rabin kofin kunu ya ce in rufe masa sauran.

Kafin azahar falo ya cika. Takalma sun taru a bakin ƙofa har masu fitowa daga lif sai sun yi tsallake. Direbobin tasi 'yan Nijar suka ajiye motoci suka zo daga Harlem. Wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi, da ke sayar da shinkafa da wake, ta shigo tana cewa Allah Ya jiƙan Soja, ya ci bashin numfashi ya biya. Amma wadda ta fi mu kuka duka ita ce maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu, nas ce, Kirista 'yar kudancin Kaduna. Ta ce kullum ta dawo aiki da safe sai ta tarar da shi a benci a ƙasan bene, ya miƙe tsaye da sandarsa ya sara mata, ya ce masu kwana a kan marasa lafiya su ne sojojin gaske.

Ina kicin ina zuba ruwa a buta na ji wani daga cikin maza yana cewa, "Ai sojan Nasara ne a zamaninsa. Allah dai Ya yafe masa." Ya faɗe ta kamar mai rufa wa mamaci asiri. Maganar ta soke ni, amma ba ita ce a raina ba a lokacin. Abin da ke raina shi ne wani akwati a ƙarƙashin gadon Baba, da alkawarin da na yi masa cewa da abin da ke cikin akwatin nan za a naɗe shi. Ba wanda ya san da alkawarin sai ni da shi, shi kuwa ga shi kwance an rufe da bargo. Kuma na san yayan maigidana yana kan hanya daga unguwar Soundview da likkafanin da ya sayo wa Baba a Makka, wanda ya tsoma a ruwan zamzam da hannunsa.

Bari in koma baya, don ku san wane ne aka rasa.

Baba Badamagare ne, ni kuma Bakanuwa. An kawo shi New York ne bayan rasuwar surukata, a kan a cire masa yanar ido ya yi wata uku ya koma. Wata ukun nan ta zama shekara tara. A wurinmu ya zauna saboda benen Yaya ba shi da lif. Shekarunsa kuwa ba mai iya cewa. Takardarsa ta soja ta faɗi nata, shi ya faɗi nasa, duka dai sun haura casa'in.

Da farko na sha wahala da kunya. A gida suruki yana zaure ke kina can cikin gida, sai ki yi wata ba ku haɗa ido ba. Amma gida mai ɗaki uku da siririn lungu ɗaya, ina kunya za ta ɓuya? Shi ne ya samo mana dabara. In zai fito sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ƙirga goma, sannan ya buɗe ƙofa. Daga baya kuma ya ɗauko wasan Damagarawa da Kanawa ya shimfiɗa mana. In na kai tuwo sai ya leƙa kwanon ya ce, "Bakanuwa, naman nan a hoto kika gan shi?" In ce, "Baba, ai mu muka koya muku cin miya." Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Gadonsa shi yake gyarawa, ya ja zanin ya yi tsam kamar fatar ganga. Takalminsa kullum a goge ko ba inda za shi. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a jirgin ƙasa mai lamba shida sai ya nemi kujerar da zai ga mai shigowa. Burodi kuwa, wanda yake kira buru, ba a zubar da ko ɓurɓushinsa a gabansa. Ya taɓa ganin 'yata ta jefa gefen burodi a shara, bai yi faɗa ba, ya sunkuya ya ɗauko ya kaɗe ya ci tana kallo. Ba ta sake ba. In ƙanƙara ta sauka muna ta rawar ɗari muna tsine wa ƙasar, sai ya tsaya a taga ya ce wannan ai sanyin yara ne, akwai wuta a bango, akwai safa.

Mun san ya yi yaƙin Jamus, yana cikin waɗanda 'yan Nijar ke kira mazan jiya. Iyakar abin da muka sani ke nan, har shi maigidana.

Laifina ne ya buɗe bakinsa. Wata Babbar Sallah mata suka cika mini gida fiye da yadda na zata. Tebur bai isa ba, sai a ƙasa, ledar shimfiɗata kuma ta yage. Maza duk sun tafi Harlem gaisuwa, har da Baba. Sai na tuna da wani farin zanin gado da nakan ga ya baza a jikin taga duk sauyin yanayi, ya sha iska, ya mayar akwati. Na ce a raina ai zanin gado zanin gado ne, zan wanke in mayar kafin ya dawo. Na jawo akwatin. Zanin ya yi nauyi a hannu, ga sanyi kamar saƙin da, yana ƙamshin kafur, farinsa ya koma kamar na madara. A bakinsa an ɗinka haruffa biyu da jan zare. Na shimfiɗa, muka jera kwanuka. Ni da hannuna na karkatar da ludayin miyar agushi, manja ya zuba, ya yi tabo kamar faɗin tafin hannu.

Ko gogewa ban gama ba aka buɗe ƙofa. Ƙafa ta dami Baba, an dawo da shi da wuri.

Ya jingine sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya riƙa ɗauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a gefe. Matan duk suka dakata da ci, wata da loma a hannu. Ya naɗe zanin da tabonsa, ya shiga ɗaki ya rufe.

Kwana uku bai ci abincina ba. In ajiye tire a bakin ƙofa, in dawo in same shi yadda na bar shi. Shayi yake dafawa da kansa ya ci da burodi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tambayi maigida mene ne zanin nan, ya ce shi ma tun yana yaro yake ganin akwatin, mahaifiyarsu ba ta taɓa bari an taɓa ba, kuma ba ta taɓa faɗin dalili ba.

Rana ta huɗu da hantsi na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce, "Baba, na tuba." Can ya ce, "Shigo, ɗiyata." Ranar bai ce Bakanuwa ba. Zanin yana kan cinyarsa. Na zauna a ƙasa kaina a sunkuye, ya fara.

Ya ce ba shi ya kai kansa soja ba. Nasara ya ce kowane gari ya kawo samari, aka nuna gidansu. Aka kai su teku, aka zuba su a jirgin ruwa. Ba su daɗe da isa ba Faransa ta faɗi, Alman, haka yake kiran Jamusawa, suka mamaye ƙasar. Manyansu suka ce a ajiye bindiga. Fararen fursunoni aka kwashe su zuwa Jamus, baƙaƙe kuma aka bar su a cikin Faransa bayan waya mai ƙaya, suna saran itace a daji. A can ya haɗu da wani ɗan ƙasarsu, Bazabarme, suka zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Burodi ɗaya suke rabawa da zare don kada wani ya fi wani.

Wata rana a wurin saran itace hazo ya rufe, suka ajiye gatari suka shige cikinsa. Kwana biyu suna tafiya, abokin yana tari da jini. Suka faɗa wata gona a bakin tsauni. Matar gonar ta same su a ɗakin ciyawa saman shanunta, ta zo ɗibar ciyawa da dogon ƙarfe mai yatsu. Madam yake kiranta, ban taɓa jin wani suna ba. Mijinta yana tsare a Jamus, ita kaɗai ce da tsohuwar uwar miji. Ya ce ta daɗe tana kallonsu, su ma suna kallon ƙarfen hannunta. Sai ta juya ta sauka. Suka ce shi ke nan, ta tafi kiran Alman. Ta dawo da madara mai zafi.

Duk wanda aka kama da fursuna a gidansa harbi ne, a ƙone gona. Ta sani. Ta ɓoye su har sanyi ya shiga sosai. In akwai haɗari sai ta shanya jan tsumma a igiya, su nutse cikin ciyawa. Da ta gane ba sa cin alade, ba ta ƙara kawo musu ba, ta koma ƙwai da dankali.

Abokin bai ga ƙarshen sanyin ba. Baba ya ce mutuwar ba ta gigita shi ba kamar tunanin cewa zai binne Musulmi da yagaggen kakin soja. Faransancinsa na bariki ne, na ba da oda da karɓar oda, ba shi da kalmar likkafani. Da hannu ya yi mata kwatance: fari, babba, a naɗe. Ta shiga gida ta buɗe akwatin kayan aurenta, ta fito da zanin gado sabo, wanda ta ɗinka wa haruffan sunanta da na mijinta tun tana budurwa. Tsohuwar ta bi ta tana faɗa, ba ta waiwaya ba.

Ya wanke abokinsa da ruwan da ta ɗumama. Ƙasa ta daskare, suka haƙa tare a bayan itatuwan tuffa, shi da diga ita da shebur. Ya duba inda rana ke fitowa ya ƙiyasta alƙibla. Ya yi sallar shi kaɗai, shi ne liman shi ne mamu. Ita kuma ta tsaya can baya, ta rufe kanta da mayafi, bakinta yana motsi da tata addu'ar.

Bayan haka ta haɗa shi da mutanen daji, waɗanda yake kira maki, Faransawan da suka ƙi sallama ƙasarsu. Ranar da zai tafi ta kawo masa ɗan'uwan zanin, don dama biyu ne. Ta nuna kabarin, ta nuna shi, ta nuna daji. Ya gane. Tana nufin can ba wanda ya san yadda ake yi muku, ka tafi da naka.

Ya naɗa shi a ƙugu ƙarƙashin riga, da shi ya yi sauran yaƙin. Ya ce samarin dajin nan ɗalibai ne da manoma, zuciya kamar ta zaki, amma ba su san gaban bindiga da bayanta ba. Shi ya koya musu kwance ta da haɗa ta ido a rufe. Tare suka riƙa kwance layin dogo don kada jirgin kayan Alman ya wuce. Gari kuwa ba ya shiga. Su suna sauya suna, su sauya takarda, su sa hula su wuce shinge. "Ni fa?" in ji shi, yana shafa kumatunsa. "Wace takarda zan sauya?" Ya yi 'yar dariya, ya ce Madam ta ba shi likkafani, mutuwa ta ji kunya ta bar shi.

Bai ƙara ganin Madam ba. Da aka gama yaƙi aka tattara su aka zuba a jirgi, ba a tambaye su ko akwai wanda za su yi wa sallama ba. 'Yata ta taɓa zama da shi da kwamfuta tana neman ƙauyen a taswira, amma yadda yake furta sunan bai yi daidai da ko ɗaya ba. Ya ce ta bari.

Na roƙe shi ya bar ni in wanke. Ya yarda, amma da hannu, ba a inji ba, kuma kada maganin fari ya taɓa shi. Na wanke sau uku a bahon wanka. Manjan ya fita, tabon ya ƙi, ya koma kalar tsohon lalle. Na kai masa ina hawaye. Ya ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana dubawa.

"Bar shi," in ji shi. "Waccan ta sa sunanta da zare. Ke kin sa naki da manja."

Sannan ya ce ya taɓa gaya wa babban ɗansa, Yaya, cewa da zanin nan yake so a naɗe shi, ya amsa da cewa haba Baba, tsumman Nasara, ai sai na Makka. Ya ce yaron ƙauna ce ta sa shi, ba zai yi jayayya da shi ba. Amma ranar maza za su taru su yi ta shawara su manta, don haka ni ya ba wa amanar. Na ce, "Baba, ni mace, suruka, wa zai saurare ni?" Ya ce, "Bakanuwa ce ke. In kuna son abu a kasuwa ai kun san yadda kuke yi." Daga nan ya ce in kawo masa tuwo, yunwa yake ji.

Maganar sojan Nasara kuwa ya sha jin ta da ransa. Wani abokin maigida mai yawan karatu ya taɓa tsare shi a falon nan, ya ce yaya mutum zai zubar da jininsa don waɗanda suka zaune masa ƙasa. Baba bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, sun je sun kori ɓarawo daga gidan wanda ya zaune musu gida, kuma da suka dawo ba a ce musu sannu yadda ya kamata ba. Amma shi a daji ba don tuta ya tsaya ba. Akwai wata gona a bayansa, da mace a cikinta, da kabari a bayan tuffa.

To, ranar Talatar nan Yaya ya iso da jakarsa, idanunsa jajur. Liman ya zo, dattijo ne ɗan Zango. Aka fara maganar motar da za ta kai Baba wurin wanka. Na shiga ɗakin na jawo akwatin. Na kira maigida lungu na ɗora masa zanin na gaya masa. Ya dube ni, ya dubi falo, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin san Yaya." Amma ya kai.

Ina bayan labulen kicin ina ji. Yaya ya buɗe, ya ce wannan ai tsohon zanin gado ne, ga rubutun Nasara, ga ma tabon miya. Ya ce shekara nawa yana ajiye da na zamzam saboda wannan rana, yanzu a ce a kai ubansa gaban Allah da abin da aka ci tuwo a kai, mutane su ce 'ya'yansa sun kasa yadi goma a Amurka. Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Wasu suka ce gaskiya ne. Na ji ana naɗe zanin.

Shekara ashirin da wani abu ina gidan nan, Yaya bai taɓa jin muryata ta wuce gaisuwa ba. Na riƙe labulen na ce, "Yaya, a gafarce ni. Wasiyya ce."

Liman ya ce, "Faɗi, 'yata, muna ji."

Daga bayan labulen na ba su labarin, ɗakin ciyawa, abokin, akwatin kayan aure, diga da shebur. Na gaya musu tabon ma ni na yi shi, kuma shi ya ce a bar shi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Mutumin da ya ce Allah Ya yafe wa sojan Nasara ne ya fara jan hanci.

Liman ya karɓi zanin ya shinshina, ya murza tabon da yatsa. Ya ce manja ba najasa ba ne, zare kuma zare ne, abin da ake so dai ya zama mai tsarki ya rufe jiki. Yaya yana rungume da jakarsa. Na tausaya masa, don shi ma ƙaunarsa ce a cikin jakar nan. Sai na ce, "Yaya, ai ba ƙyalle ɗaya ake sawa ba. A sa nasa daga ciki, naka daga waje. Idon mutane ya ga naka, jikinsa ya ji nasa."

Can ya miƙa hannu ya karɓi zanin daga wurin liman, ya ninke shi da kansa, ya sa a jakar tare da na Makka. Ya ce, "Bai taɓa ba ni labarin nan ba." Maigidana ya ce, "Ba mu taɓa tambaya ba, Yaya."

Washegari suka kai shi maƙabartar Musulmi can hayin New Jersey. Mu mata muna gida. Nas ɗin nan ta ƙi zuwa aiki, ta zauna tana taya ni yanka albasa, na sake ba ta labarin tun daga farko. Da na zo wurin da Madam ta tsaya a baya da mayafinta, sai ta ajiye wuƙar.

Da la'asar maigida ya dawo da jar ƙasa a takalmi. Ya zauna a bakin gadon Baba, wanda na ja wa zani ya yi tsam yadda yake so. Na tsaya a ƙofa ban iya tambaya ba. Ya ce shi da Yaya suka naɗe shi. Zanin ya ishe shi daga kai har ƙafa, kamar an auna. Haruffan sun faɗo wajen kansa.

Na ce, "Tabon fa?"

Ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji.

Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, ba komai a ciki sai ƙamshin kafur. Allah Ka jiƙan Baba, Ka sanyaya makwancinsa, Ka haɗa shi da abokinsa da ke kwance bayan itatuwan tuffa. Madam kuwa ban san sunanta ba, haruffa biyu kawai na gani, su ma sun shiga ƙasa. Amma Kai Ka san ta, Ka kuma ga abin da ta ciro daga akwatinta.